Sabuwar Dokar Haraji da Tsohuwar Takarda: Jan Hankali ga Fataken Nariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, dattawan Nariya da na sauran ƙasar Rano da Kibiya ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, lokacin da dagaci da mai unguwa ke bin gida gida, malamin haraji na biye da littafi. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979. Amma harajin riba da na albashi bai tafi tare da su ba.

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda 4, aka yanke sabon tsarin harajin mutum ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. To, ga inda gizo ke saƙar. Gwamnatin Tarayya ce ke yin dokar harajin mutum, amma hukumar haraji ta jiha ce ke karɓarsa. Doka takan canja a Abuja rana ɗaya, takardun cikewa da lissafin ma'aikata kuwa sai a hankali suke biyo sahu. A wannan tsakani ne mai fatauci kan yi asara in bai san haƙƙinsa ba.

A tsohuwar doka ana fara cire rangwame daga abin da mutum ya samu, sa'an nan a ɗora haraji daga kashi 7 zuwa 24 cikin ɗari. Sabuwar ta soke wannan rangwame, ta yafe Naira 800,000 na farko ɗungurungum, ta sa kashi 15 a kan Naira 2,200,000 da ke biye, haka yake hawa har kashi 25. Misali, mai kai masara ko shinkafa Dawanau, in ribarsa ta shekara Naira 3,000,000 ce, harajinsa Naira 330,000 ne. Mai zaman haya kuma ana cire masa kashi 20 na kuɗin hayar shekara, muddin bai wuce Naira 500,000 ba.

Wajibi ne a rarrabe shekaru. Ribar 2025 tsohuwar doka ce ke hukunta ta, ta 2026 zuwa gaba kuwa sabuwa. Wa'adin mutum na kai bayanin samunsa shi ne 31 ga Maris na shekarar da ke biye. In aka miƙo masa takarda mai tsohon lissafi a kan sabuwar shekara, sai ya tambaya cikin ladabi, ya nemi a nuna masa dokar da aka dogara a kanta, domin dokar Tarayya ce ke gaba. Kada ya ba da ko kwabo sai da rasit.

A kan riba ake ɗora haraji, ba a kan uwar kuɗi ba. Wanda bai rubuta saye da sayarwa da kuɗin mota da na dako ba, ƙiyasi za a yi masa, ƙiyasi kuwa ba ya tausayi. Malamai sun san aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Almajirin da ya iya ajami ya isa ya riƙe wa ɗan kasuwa littafi.

Allah Ya sa albarka a nema. Wassalam.