Cinikin Da Ɗan Zariya Ya Yi A Kanada

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, ko da ba ku taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, za ku gane wannan magana. Manomin Tungan Magajiya ta ƙasar Kontagora ya san ta tun tuni: a sayar da maruƙa biyu a sayi bijimin noma na bana, ko kuwa a jure a jira su girma?

A gasar NBA ta Amurka akwai wata al'ada. Kowace shekara ana jera samarin 'yan wasa, kulob-kulob suna zaɓa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi su ne kan samu zaɓen farko. Wannan damar zaɓe kuwa haja ce, ana musayarta kamar ɗan wasa, har ta shekarun da ba su zo ba.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban kulob ɗin Toronto Raptors na ƙasar Kanada a 2018. Shekara da shekaru kulob ɗin yana cin wasa, amma da an shiga zagayen kifuwar ƙwarya sai a koro shi. Cikin watan Yuli sai Ujiri ya ba San Antonio tauraronsa DeMar DeRozan, da saurayi Jakob Poeltl, da zaɓen farko na 2019, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Kasada ce babba, domin wasa tara kacal Leonard ya yi a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a yarjejeniyarsa. Magoya baya da yawa suka yi fushi, don suna ƙaunar DeRozan ƙwarai.

Cikin Yuni 2019 Toronto ta doke Golden State da wasa huɗu da biyu, kofin ya fita Amurka karo na farko. Ba a yi wata guda ba Leonard ya kama hanyar Los Angeles. Daga nan har Ujiri ya bar kulob ɗin a 2025, Toronto ba ta sake kusantar wasan ƙarshe ba.

To, an ci riba? An ci, amma a dubi abin da ya riƙe. Bai taɓa Pascal Siakam ɗan Kamaru ba, bai taɓa Fred VanVleet ko OG Anunoby ba, kuma zaɓen da ya bayar can kusa da wutsiya ya faɗo, na 29. Wato dai ya sayar da saniya bai taɓa iri ba.

Brooklyn Nets kuwa rumbun ta kwashe duka. A 2013 ta ba Boston zaɓen farko na shekaru uku, da damar musanya na huɗu, domin Kevin Garnett da Paul Pierce, alhali kowannensu ya haura shekara 35. Zagaye ɗaya tak suka ci mata a 2014, sa'an nan kulob ɗin ya rufta. Da waɗannan damammaki Boston ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, kuma su biyun ne suka ɗauko mata kofi a 2024.