Shin Ko Kun San? Kwamfutar Montaj Mai Sauƙin Kuɗi, Daga Cadawa Zuwa Gidan Rumji

Shin ko kun san cewa babban kaso na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa a jihohin Maradi da Damagaram daga Katsina take tasowa? Layi ne mai ƙarfin kilobolt 132, kuma a Gazawa yake rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Maradi, ɗaya ya nufi Damagaram. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ji a jikinsa. Don haka duk matashin da ke tara jika-jika domin ya haɗa kwamfutar montaj, ya riƙa gyara bidiyon biki da suna da wa'azi da kokawa, to ya fara ware kuɗin sitabilaiza da na'urar riƙe wuta ta UPS. Yankewar wuta ana tsaka da aiki tana iya lalata fayil, hauhawarta kuwa tana ƙone na'ura. Amarya ba za ta sake zama a lalle don bidiyonta ya ɓace ba.

Shin ko kun san cewa wasu tsofaffin kwamfutocin da ake kawowa daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a baya, mai lamba 115 da 230? Wutarmu bolt 220 ce. In makunnin yana kan 115 aka jona, nan take akwatin wutar zai buga. A duba kafin a sa a soket. Wanda ya sayo kayansa a titin Beirut a Kano kuma ya tuna filogin Najeriya mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu kuwa zagayayyu ne.

Ga kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane: tambarin i7 shi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Lambar da ke binsa ce ke faɗin tsarar furosesa. Core i7-4770 ɗan tsara ta 4 ne, na 2013, mai cibiya 4. Core i5-8500 kuwa ɗan tsara ta 8 ne, na 2018, mai cibiya 6, kuma ya fi shi jan aikin bidiyo. Sannan Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga tsara ta 8 take karɓar yawancin furosesan Intel. Ni dai a ganina babu cinikin da ya kai kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, matuƙar ta kai wannan tsara.

Shin ko kun san cewa tun 2011 Intel ke saka wani sashe mai suna Quick Sync a cikin furosesanta, wanda aikinsa kawai shi ne buɗe bidiyo da matse shi? Da shi ana iya fara sana'a ba tare da katin hoto na daban ba. Amma furosesan da lambarsa ta ƙare da F ba shi da wannan sashe, ba ya ma nuna hoto sai da kati. In kasuwa ta buɗe aka so ƙara katin, a san cewa ramin da ake soka shi wat 75 kawai yake bayarwa, kuma siraran kwamfutocin ofis akwatin wutarsu ƙarami ne. Irin GTX 1650 da ba ya neman ƙarin waya shi ya dace da su, shi ma gajeren samfurinsa.

Ram gigabait 16 ake so. Sanda biyu masu 8-8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin hanya biyu bayanai ke bi.

SSD na yau da kullum yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, ninki uku ko fiye na tsohon diski mai juyawa. A ɗora manhaja da aikin da ake ciki a kansa, tsohon diskin ya zama rumbun ajiya.

Shin ko kun san cewa hoton 4K ya ninka na 1080 har sau huɗu a yawan ɗigo? Nauyin da kwamfuta za ta ɗauka kenan, alhali mai bikin a waya zai kalla, bayan WhatsApp ya matse shi. Ko an kawo muku 4K, manhajojin montaj suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi a yi yankan a kansa, sai wajen fitarwa su koma kan na asali. Manhajar ma ba dole sai ta kuɗi ba. Tun 2013 Adobe ta mayar da Premiere Pro ta haya, amma Shotcut da Kdenlive kyauta ne, kuma ba sa cin data sosai wajen saukewa. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, sai dai ta haura gigabait 2 kuma tana son katin hoto mai ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi da ƙura, don su ne masu saye ba sa sawa a lissafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Agye da kewaye yakan wuce digiri 40, furosesa kuma in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Mai shago sai ya ce kwamfutarsa ta tsufa, alhali ƙurar hunturu ce ta toshe mata fanka, man sanyin da ke tsakanin furosesa da ƙarfensa kuma ya bushe tun tana ofishin Turai. A goge shi a shafa sabo tun ranar da aka sayo ta. A ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur, a bar tazara tsakaninta da bango, a rufe ta da zane bayan an kashe. In za a hure ƙurar da bulowa, a cire waya daga soket tukuna, a kuma danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.