Ɗauke Wuta a Ghana da Ceton Kwamfutocin Maersk

Ranar 27 ga watan Yunin 2017, ma'aikatan Maersk, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jigilar kwantena a duniya, suka ga kwamfutocinsu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In kwamfuta ta sake tashi, sai rubutu ja ya fito yana neman dala 300 ta kuɗin Bitcoin. Ƙwayar cutar, wadda aka raɗa wa suna NotPetya, ta ɓullo ne daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, kuma kafin azahar ta yi la'asar ta bazu zuwa ofisoshin kamfanin a nahiyoyi daban-daban.

Ɓarnar ta kai ga tushen babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. A farkon faifan ajiya akwai ɗan sashe da na'ura ke fara karantawa kafin ta tayar da Windows, kuma akwai wani kundi da ke nuna inda kowane fayil yake zaune. NotPetya ta maye gurbin na farko da nata rubutun, ta rikita na biyun. Lambar da ta nuna wa mai biyan fansa kuwa ta bogi ce, ba ta buɗe komai.

Duk mai gyaran kwamfuta ya san Windows na da kayan gyaran kanta. Umarnin sfc /scannow yana duba fayilolin manhajar ya maye gurbin waɗanda suka lalace, DISM yana gyara ainihin madogarar da sfc ke ɗebo lafiyayyun fayiloli daga gare ta, bootrec kuma yana sake rubuta sashen tayarwa. Suna da amfani, amma aikinsu ɗinke ɓaraka ne. Ba sa gaya maka ko ɓarawon ya bar wata ƙofa a buɗe. Sau da yawa ma wuraren da Windows ke ajiye hoton yanayinta na baya, don a koma gare shi, su ne abin da mugayen manhajoji ke fara sharewa. Saboda haka, a ganina, kwamfutar da cuta ta shige ta har ta sami ikon mai gudanarwa ba ta cancanci amana ba sai an goge faifan kakaf an ɗora sabuwar manhaja, abin da masu gyara a kasuwanninmu ke kira "fomatin". Da sharaɗi biyu: filashin da za a ɗora daga gare shi a haɗa shi a kan lafiyayyar kwamfuta, kuma a sauya duk kalmomin sirri. NotPetya ta bi ta wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris na shekarar, amma kuma tana satar kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar na'ura, ta shiga har kwamfutocin da aka sabunta.

Wannan hanya ta fomatin ita Maersk ya bi. An tara ƙwararru a garin Maidenhead na Ingila, sai suka ci karo da babbar matsala. Suna da ajiyar yawancin bayanai, amma ba su da ta na'urorin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin kowa na shiga. Wajen 150 ne, kuma an tsara su suna kwafar juna, a bisa tunanin in ɗaya ta faɗi sauran na nan. Sai ga shi duk sun faɗi tare. Ajiyar da ke jone da abin da take karewa, cuta ɗaya ce ke kwashe su.

An yi ta buga waya ofis-ofis har aka dace da guda ɗaya a Ghana. An ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ta yanke daga sauran, ta tsira da bayananta. Intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfin tura su cikin lokaci, ma'aikatan kuma ba su da bizar Birtaniya. Sai wani ya ɗauko faifan ya hau jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan.

A taron tattalin arzikin duniya na Davos a Janairun 2018, shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya ce cikin kwana 10 suka sake ɗora manhaja a kan manyan na'urori 4,000 da kwamfutoci 45,000, tare da manhajojin aiki 2,500. Asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. A tsawon kwanakin nan jiragen ruwa ba su daina isowa tasha ba, ma'aikata suka koma karɓar oda da biro da takarda da saƙonnin WhatsApp.