Afirkar Rediyo da Afirkar Littafin Makaranta

Ran 26 ga Yuli, 2023, dogaran fadar shugaban Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Tiani ya ɗare mulki. Cikin kwana biyu babu teburin mai shayi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram da ba a kafa mahawara ba. Rediyoyin ƙetare, irin su BBC da ta fara Hausa tun 1957, sun fi ba da ƙarfi ga dimokuraɗiyya, da takun saƙar Faransa da Rasha, da ma'adinin yuraniyom. A Facebook da TikTok kuwa sai aka mai da sojojin gwarazan da suka zo 'yantar da Afirka. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kowane kuma da abin da ya haɗiye.

Wanda ya sha wuya shi ne aka fi mantawa da shi. Da ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wuta, dillalin da ke sayo dabbobi a Maigatari ya ji a jikinsa, haka mai 'ya tana aure a Damagaram. Sai Maris na 2024 aka buɗe iyakar.

To, da wane ilimi matashinmu zai auna waɗannan labarai? Nan gizo ke saƙa. Tun wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan guntunsa cikin darasin soshiyal. An yi fiye da shekara goma kafin a dawo da shi gadan-gadan. Ke nan yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin, shi ne saurayin da ke riƙe da waya a 2023. Abin da ya haddace shi ne an kafa ECOWAS a Legas a 1975, an kafa OAU a Addis Ababa a 1963, sai jerin manufofi da za a zubo ranar jarrabawa. Ba a gaya masa cewa Ingila da Faransa ne suka ja layin da ya raba Kano da Damagaram a yarjejeniyoyin 1898 zuwa 1906 ba. Ba a kuma gaya masa cewa zumuncin ba zuma ba ne zalla: Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo wa ƙasar Kano yaƙi zamanin Sarki Alu. Wanda ya san duka biyun, da wuya a ruɗe shi da bidiyon minti ɗaya.

Iyayensa ma ba su tsira ba. Su aka koya wa cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, kamar masuntan Yawuri a tudu suke jefa koma.

Abin takaicin, kayan darasin na nan a ƙofar gida. A Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe da ke Birnin Kudu akwai zanen shanu da jan launi a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora yau ba. Kusa da su ga duwatsun da in ka ƙwanƙwasa suke amo kamar ƙararrawa. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950, kuma suna cikin kayan tarihin ƙasa. Ɗalibai nawa aka kai su gani?

Haka nan ɗalibi zai rubuta cewa AU ta gaji OAU a Durban a 2002, bai san ministan harkokin wajen Nijeriya a lokacin mutumin Bamaina ne ba, wato Sule Lamido. Shi ko babban tarihin Afirka da UNESCO ta fara haɗawa a 1964, har Hausa an juya shi. Hukumar ilimi ta Jigawa na iya fara nemo shi ta ajiye a ɗakin karatun Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu.