Yadda Muka Gano Inda Baƙin Mai Yake Zuba a Motar Ƙungiya

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya tashi garuruwa da yawa na bakin Kwara, jama'a suka koma tudu. Gungawa da Kambari da sauran manoman wannan yanki ba su bar noman albasa da shinkafa ba, masunta kuma suna nan da kifinsu. Amma abin da aka noma a Wara ko Shanga ba ya zama kuɗi sai ya kai kasuwa. Domin haka ne ƙungiyar manoman da muke aiki tare da ita ta haɗa kuɗi ta sayi tsohuwar gingimari, Mercedes 911, mai shan gas.

A farkon rani direba ya kawo ƙara cewa motar tana zubar da baƙin mai. Duk inda ta kwana, da safe sai a ga tabo a ƙasa, kowace tafiya kuma sai ya ƙara mai. Mai karatu ya sani, injin da ya rasa mai bugawa yake yi, in kuwa ya buga, kuɗin gyaransa ya fi ƙarfin ƙungiya irin tamu. Ga albasa ta kusa cira.

Makaniken farko ya leƙa ƙarƙashi, ya ga kaskon mai ya jiƙe, ya ce gasket ne. Aka canja, tabo bai daina ba. Na biyu, a Kwantagora, ya ce sil ɗin bayan inji ne, wanda yake tsakanin inji da giya. Wannan babban aiki ne, sai an sauke giya ɗungum. Mota ta yi kwana uku a gareji, muka biya. Ta yi mako biyu lafiya, sa'an nan mai ya dawo, har ya fi na da. Wata rana a hanyar Koko, da kaya fal, kuloci ya fara sulɓewa a kan hawa, domin mai ya jiƙa shi. A taron ƙungiya har wasu suka fara cewa direba ne yake sayar da man. Wannan zargi ya dame mu fiye da tabon.

Sai aka kwatanta mana wani tsohon makanike a Yelwa. Da muka je bai taɓa sifana ba. Ya ce, "Malam, inda ka ga mai ba nan ya fito ba. Mai gangara yake yi, iskar fanka kuma tana kora shi baya." Ya sa yara suka wanke injin tas da kananzir da ruwan sabulu, aka bar shi ya bushe. Ya barbaɗe shi da garin alli tun daga sama har ƙasa, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ya ce a ta da mota a bar ta ta yi zafi. A kan farin gari, mai ba shi da wurin ɓuya. Ba a daɗe ba muka ga baƙin zare a wuri uku: gefen murfin saman inji, bakin sandar awon mai, da can baya wajen sabon sil ɗin.

Muka ce, "Baba, ashe wuri uku za mu gyara?" Ya ce a'a, ciwo ɗaya ne.

Ga bayaninsa, kuma ya kamata kowane direba ya riƙe shi. Duk injin da yake aiki, akwai ɗan hayaƙi da yake sulalewa ta gefen fistin ya gangara wajen mai. Masu ƙera inji sun san da haka, shi ya sa suka yi masa mashaƙa, wato wani ɗan bututu da wannan iska take fita. In bututun ya toshe, iskar ba ta da hanya, sai ta matsa mai ta tura shi ta duk inda ta sami rauni. Ka sa sabon sil, ta sake ture shi. Da Baba ya kwance bututun, sai ga ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta daskare kamar kwalta, a bakinsa kuma zanzaro ya yi gini da laka, ga alama tun lokacin da motar ta zauna da damina saboda lalacewar hanya.

Bai tsaya nan ba. Bayan ya wanke bututun ya mayar, ya buɗe murfin zuba mai inji yana aiki, ya kara tafin hannunsa. Ya ce in hayaƙi yana bugo hannu da ƙarfi, ringin fistin ya cinye, sai an buɗe inji. Namu ɗan kaɗan ne, muka yi hamdala. Ya kuma tambayi direba yadda yake ƙara mai. Ashe don tsoron kada inji ya buga, yana cikawa har ya wuce layin sama na sandar awo, abin da yake ƙara tsananta zubar. Ba sata ya yi ba, kuma mun faɗi haka a gaban taron ƙungiya.

Duk da haka ba mu tsira daga asara ba. Sil ɗin da muka saya ya riga ya lalace, faifan kuloci ya sha mai, dole aka sake sauke giya. Wanke bututun kuwa bai ci komai ba sai kwalbar kananzir.

Kafin mu tafi Baba ya nuna mana yadda ake karanta kwali. Baƙi ƙirin, man inji ne. Mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, na giya ne. Mai tsinkakke kamar ruwa, gas ne. Mu kuma muna roƙon direbobi abu ɗaya: kada a wanke inji ko a zubar da tsohon mai a bakin tafki, domin nan mata suke ɗiban ruwa, nan kuma ake kamun kifin da muke ci.

Yanzu an rubuta a littafin mota cewa duk ran da aka juye mai, a duba mashaƙar inji, haka kuma in mota ta zauna fiye da wata ɗaya. Kwalin yana nan a bayan kujerar direba, kowace safiyar Litinin sakataren ƙungiya yakan je ya duba shi.