Terry Reid da kasuwar tonon tsofaffin faya-faye

Da Terry Reid ya mutu ranar 4 ga Agusta, 2025, yana da shekara 75, kusan duk jaridun Ingila da Amurka da magana ɗaya suka buɗe labarin: ga mutumin da ya ƙi shiga Led Zeppelin. Haka aka yi kam. A 1968 Jimmy Page, mai kafa ƙungiyar, ya neme shi, shi kuwa ya riga ya ɗauki alƙawarin rangadi a Amurka, sai ya nuna masa Robert Plant. Abin takaicin shi ne mawaƙin da ya haura shekara 50 yana aiki, ba a tuna shi sai da aikin da bai yi ba. Kundinsa River na 1973 sai can ƙasan labari ake ambata, da laƙabin "gwanin da aka manta", kamar mantuwar daga sama ta faɗo.

Wannan laƙabi yanzu haja ne. Nick Drake ya mutu a 1974 faya-fayensa ba sa fita daga kanti, sai da Volkswagen ta sa waƙarsa Pink Moon a tallar mota a 1999 kasuwarsa ta buɗe. Kundin Vashti Bunyan na 1970 ya jira shekara 30 kafin a sake buga shi. Shi kansa Reid, fim ɗin The Devil's Rejects na 2005 ne ya kai waƙoƙinsa kunnen matasa. Alƙaluman kamfanin Luminate sun nuna sama da kashi 70 cikin 100 na kiɗan da ake saurara a Amurka na baya ne, ko da yake a wurinsu duk waƙar da ta wuce wata 18 ta tsufa.

Masu sharhi na son cewa jama'ar da can ne ba su da kunne. Ban yarda ba. Kwangila ce ta binne Reid. Yana ɗan shekara 18 ya shiga hannun Mickie Most, furodusan The Animals da Herman's Hermits, mutumin da ba ya son komai sai waƙar minti uku da rediyo zai ɗauka. Kundi biyu suka yi tare, a 1968 da 1969, suka ɓata. Daga nan takardar da ya sa wa hannu ta ɗaure shi. Bayan ya bi Rolling Stones rangadin Amurka a 1969, ya hau dandamali a Isle of Wight a 1970 da Glastonbury a 1971, dubban mutane na tafa masa, amma babu sabon faifan da za su saya in sun koma gida. A daidai shekarun nan Plant da Rod Stewart suka kama kasuwar masu irin muryarsa. Sai da Ahmet Ertegun na kamfanin Atlantic ya sa baki aka kwance shi, a lokacin kuwa an riga an raba gari.

Kuma abin da ya miƙa wa Atlantic ba shi suke jira ba. Waƙa bakwai ne a River. Fuskar farko ta faifan da cikakkiyar ƙungiya ce, jitar David Lindley na zamewa a ƙarƙashin muryar da ba ta damu ta furta kalma sosai ba. Da ka juya faifan sai gangunan su ja baya, a bar Reid da jitar katako da wani kaɗe-kaɗe mai sanyi irin na Brazil, wanda ya tsinta wurin abokinsa Gilberto Gil lokacin da Gil ke gudun hijira a Landan. Ba waƙar da za a tura wa rediyo, kamfani kuwa bai wahalar da kansa da talla ba. Kundinsa Seed of Memory na 1976, wanda Graham Nash ya shirya, ya faɗa hannun kamfanin ABC yana tangal-tangal, har aka sayar da kamfanin ga MCA a 1979.

Akwai masu cewa Reid ma da laifinsa: ba ya jin magana, yana jan aiki, waƙoƙinsa kamar ba a gama su ba. Wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai Van Morrison ya yi irin wannan taurin kai a kundinsa Astral Weeks, Warner Bros. kuma ta riƙe shi har ya kawo Moondance.

To me tonon ya haifar? Alheri dai akwai. An sake buga River, a 2016 kuma Light in the Attic ta fito da ragowar abin da aka naɗa, da sunan The Other Side of the River. Yau mai waya a ko'ina zai iya sauraron sa. Amma asalin faifai yawanci mallakar kamfani ne, kuma abin da Spotify ke biya a saurare ɗaya bai kai santi ɗaya ba, shi ma sai ya bi ta hannun kamfanin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: kamfanonin da suka ƙi tallata waɗannan kundaye suna sababbi su ne ke cin ribar labarin mantuwarsu. Makonni kaɗan kafin Reid ya mutu, asusun neman taimako aka buɗe a intanet don a biya masa kuɗin maganin kansa.