Motsin Daskararriyar Ƙasa Tun Kafin Ta Narke

A arewacin Rasha da Alaska da Kanada da tuddan Tibet akwai ƙasar da kan zauna a daskare shekara biyu ko fiye a jere, wadda masana ke kira daskararriyar ƙasa ta dindindin, kuma an daɗe ana ɗaukarta tamkar fa matuƙar ma'aunin zafinta bai haura sifiri ba. Wannan zato bai inganta ba, domin ba dukkan ruwan cikin ƙasa ne ke zama ƙanƙara a sifiri ba. A cikin yumɓu da laka, wani siririn ruwa yakan manne wa ƙwayoyin ƙasa ba tare da ya daskare ba, kuma yawansa yana ƙaruwa gwargwadon yadda sanyi ke sassautawa, ta yadda ƙasar da ke digiri 1 ƙasa da sifiri take saurin lotsawa a ƙarƙashin nauyin gini, ko sulalewa a gangaren tsauni, fiye da wadda ke digiri 5 ƙasa da sifiri, alhali dukkansu daskararru ne.

Tsananin sanyi ma yana da nasa aikin. Ruwa yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, amma babban abin da ke cicciɓa ƙasa shi ne ruwan da ake janyowa daga ƙarƙashi zuwa inda daskarewa ta kai, wanda ke taruwa falle-falle na ƙanƙara har ya ɗaga hanya ko ya tumɓuke turke.

Injiniyoyin da suka fahimci haka sun zaɓi kiyaye sanyin ƙasar. A birnin Yakutsk ana ɗora benaye a kan ginshiƙai don iska ta ratsa ƙarƙashinsu. Bututun man Alaska da aka kammala a 1977 an ɗaga kusan rabinsa sama, aka kuma sanya wa dubban ginshiƙansa na'urorin da ke zuƙe zafin ƙasa lokacin hunturu. Layin dogon Tibet na 2006 ma ya bi irin wannan dabara. Sai dai an tsara waɗannan gine-gine ne bisa yanayin zamaninsu, ga shi kuwa awon da aka yi tsakanin 2007 da 2016 ya nuna daskararriyar ƙasa ta ƙara ɗumi da kusan digiri 0.3 a duniya. Adadin ƙarami ne a ido, amma a inda ƙasa ta riga ta kusanci sifiri ya isa ya rage ƙarfin harsashi, saboda haka hukumar da ke jiran ganin narkewa kafin ta binciki ginshiƙan gidajen jama'a ta makara.